Sunan Ɗan Fari a Bakin Yaya

Ni ban yi boko ba. Allon ma iyakata surorin da nake sallah da su. Autata ce riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata tun farko, in ta gyara mini magana zan gane, don sai ta karanta mini labarin kaf kafin ya bar ɗakin nan. Na kuma ce kada sunan kowa ya shiga. Za ku ji dalili.

A ƙauyenmu, can gefen Miga, mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Yaran yanzu suna faɗa, har da lanƙwasa murya, ina jin su ta katanga. Mu kuwa ko a mafarki. Ɗan farina yau furfura ta cika masa gemu. Shi ke riƙe da gidan nan namu na Limawa a Dutse, yana da motar ɗaukar hatsi da yake bin kasuwanni da ita. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sa da shi ba. In ina son sa sai in ce "kai", ko in ce da wani, "kira mini wancan." Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba. Amma duk kunyata, a gaban ta Yaya wasan yara ce.

Yaya ce ta goye ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ɗanta na fari ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara bakwai, ina gidan ranar. Mata suna ta kuka, ita tana bakin murhu tana iza wuta, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari. Daga ranar har tsufanta ban ji ta ambace shi ba, ko da "wancan" ɗin. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata kuma aure ya kai su nesa, sai wancan nawa ya je da mota ya ɗauko ta, da akwatinta da 'yar randarta da ta ce ba ta shan ruwan kowace sai ita. Muka koma ɗaki ɗaya kamar yadda muka fara.

Shekara biyu lafiya lau. Sai aka fara ƙananan abubuwa. Wata rana ta sa hannu a kwanon maza ta ɗauki tsokar nama kafin a kai musu zaure, ta ci tana kallona. Wata rana mun je gaisuwar mutuwa, ana tsakiyar addu'a, ta ce da ƙarfi shinkafar gidan ba gishiri, ta kece da dariya. Ta fara fita ƙofar gida ba mayafi. Abin da ya ɗaure mini kai, ba ta manta hanya ba, ba ta manta sallah ba, ta san kowa a gidan. Na ga tsofaffin da suka rikice da mantuwa, wannan ba irinsa ba ne. Kamar dai an shiga cikinta an ɗauke kunyar kaɗai, an bar sauran kayan a inda suke.

Wancan ya kai ta asibiti. Suka ce akwai wata likita da ke bincike a kan ciwon ƙwaƙwalwar tsofaffi, tana bi gida gida, za ta zo. Ta kuwa zo, da jakarta da takardunta. Ni na kore ta. Ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Dalili, ni da ba na karatu, saƙon murya a waya shi ne jaridata. Jikoki sun nuna mini inda ake dannawa a ji, da inda ake dannawa a tura. Kuma a kwanakin an turo mini wani saƙo, wani mutum mai murya kamar ta mai wa'azi yana rantsuwa cewa masu bin gidaje suna yi wa tsofaffi tambayoyi, jininsu suke ɗiba, wanda aka ɗibi nasa kuma ba ya kai wata damina. Na ji, na yarda, na tura wa mata sun fi goma. Wannan ma rubuta shi, kada ki tsallake.

To, ranar da abin ya faru da hantsi ne, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ina zaune tsakar gida ina tsinke zogale a faifai. Yaya ta fito daga ɗaki, ta je jikin katanga ta tsaya, ta ɗora hannu a goshi kamar mai hangen wani a gona. Sai ta kira sunan. Sunan yaron nan da ƙyanda ta ɗauke. Da ƙarfi, tana jan ƙarshensa, yadda ake kiran yaro ya zo ya sha koko. Sau uku.

Faifan ya zame daga cinyata, zogalen ya watse, kaji suka yo kansa, ban iya ko korarsu ba. Shekara sittin da wani abu ban ji sunan nan ba. Ni kaina na ɗauka na manta shi.

Na ce, "Yaya, wa kike kira?"

Ta waiwayo tana murmushi ta sake faɗa mini shi, kamar ni ce ban da hankali. Sai ta kira sunan mijinta, gatsau, ba Malam ba komai. Ta kira na surukarta. Ta kira na wata ƙawarta da ta rasu wajen haihuwa tun muna 'yan mata.

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, ko da ba shi da daɗin faɗa. Tun muna yara ake gaya mana, in mayya ta tsufa ƙanƙarar cikinta ta yi mata nauyi, bakinta yakan kwance, ta fara lissafa waɗanda ta ci ɗaya bayan ɗaya. Na kalli matar da ta goye ni, ta tauna mini abinci ta sa mini a baki, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na miƙe na ja da baya taku ɗaya. Taku ɗaya ne, amma Allah ya gani. Daga baya ne hankalina ya dawo na ce da kaina, ke, mace mai waɗannan shekaru, wa ya rage mata a duniya da za ta kira? Duk wanda ta sani a ƙuruciya ai yana ƙasa.

Ta mayar da shi aikin kullum. Hantsi ya yi, sai jikin katanga. In na ja ta ɗaki ta fito. Katangar kuwa ba ta da tsawo, bayanta lungu ne da kowa ke bi.

Bayan kamar mako biyu wata 'yar uwarmu da ke aure a Taura ta turo mini saƙo. Ta fara da muryarta: "Inna, ki ji abin da ke faruwa a garinku, ku riƙa tsare jikoki." Na danna. Muryar wani namiji ce, ban san shi ba: "Jama'a, ku saurara da kyau. Wannan wata tsohuwar mayya ce a Dutse, Allah ya tona mata asiri, tana lissafa mutanen da ta cinye, har da ɗan cikinta. Duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa." Sai muryar Yaya. Tana kiran sunayen nan. A bayan muryarta ina jin zakaranmu mai shaƙaƙƙiyar murya. Ina jin ƙarar bokitinmu. Sai na ji tari, na gane nawa ne.

Wadda ta turo ba ta ma gane muryar ba. Saƙon ya fita daga lungunmu, ya je Taura, ya dawo hannuna. Ban san gari nawa ya bi ba, ban san wanda ya tsaya bayan katanga ya ɗauka ba, har yau. Na ajiye wayar a tabarma. Na dai zauna ina tunani: wannan mutumin ya yi rantsuwa, muryarsa a nutse, kuma ƙarya yake yi, don ni ina wurin. To wancan mai maganar ɗibar jini fa? Da wancan nawa ya dawo daga kasuwa na ce, "Kai, matar nan mai takardu. Ka nemo ta."

Ta dawo, ba ta nuna ta riƙe ni a rai ba. Yarinya ce a wurina, ba za ta wuce sa'ar autata ba, 'yar birni, Hausarta tas. Wannan karon na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na kawo dabino da ruwan randar Yaya. Ta daɗe da Yaya tana yi mata tambayoyi, Yaya na amsa wasu, wasu kuma ta ce mata, "Ke, wannan hancin naki wa ya ba ki shi?" Likitar ta yi dariya ta ce na babanta ne. Da suka gama ta juyo wurina.

"Inna, tunda ciki ɗaya kuka fito, in kin yarda ke ma zan yi miki. In ba ki so, ba dole."

Na ce, "Yi. Ni da nake riƙe da tatsuniya ta fi gashin kanki, me za ki tambaye ni?"

Ta ce in riƙe abu uku, za ta tambaye ni an jima: akuya, tabarma, gishiri. Ta tambaye ni yau wace rana, wane wata muke ciki, wace unguwa ce wannan. Ina ba ta amsa tun kafin ta rufe baki. Sai ta duba takarda ta ce, "Mene ne sunan ɗanki na fari?"

Na yi shiru.

"Inna? Babban ɗanki. Sunansa."

Yana zaune a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Na kalli bango. Sai na ga biron ya motsa a kan takarda. Na ce a raina shi ke nan, ta rubuta ni ma na kamu, gobe ni ce a jikin katanga.

Na ce, "Me kika rubuta?"

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi wancan, sai ta dafe baki. "Wayyo, Inna, ki gafarce ni. Takardar ce ba ta da kunya, ni kuma na bi ta. Kakata ma da ta ji ni da ta ci mutuncina." Ta soke abin da ta rubuta. Sai ta tsaya, biron a sama. "Yaya ma haka take da? Ba ta faɗa?"

"Ta fi ni sau goma."

"Yanzu kuma tana faɗa."

"Kullum da hantsi."

Ta ajiye biron gaba ɗaya. Ta sa na ba ta labari tun daga tsokar nama. Ta ce abin da na gaya mata ya fi duk tambayoyin takardarta amfani, don takardar an yi ta ne ta kama wanda ya manta suna, ba wadda ta fara faɗin sunan da ba a faɗa ba.

Ga yadda ta bayyana mini, iya abin da na riƙe. Ta dafa goshinta ta ce nan gaba, bayan ƙashin goshi, nan ne wurin da ke riƙe mutum, ya ce masa wannan a faɗa, wannan a haɗiye. Ta ce akwai wani abu da jiki ke yi da kansa, kowa yana da shi, yana aikinsa a cikin ƙwaƙwalwa lafiya lau. A wasu mutane sai ya naɗe ba daidai ba, ya dunƙule.

Na ce, "Kamar gudaji a tuwo?"

Ta ce, "Kamar gudaji. Sai dai wannan, masu bincike suna ganin in ɗaya ya dunƙule yakan ja na kusa da shi shi ma ya dunƙule, a hankali a hankali, har wurin ya gaji ya daina aiki. Ina zaton na Yaya ta goshi ya fara. Zato nake, sai an ƙara dubawa."

"A ba ta magani mana ya narke."

Ta girgiza kai. Ta ce har yanzu ba a samu mai narkar da shi ba, abin da ake nema ke nan, shi ya sa take yawo gida gida. Akwai dai abin da za a yi a sauƙaƙa mata. Na tambaye ta dalilin da ya sa ya kama Yaya ya bar wasu. Ta ce ba su gama sani ba. Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba, sai ranar. Masu saƙon murya kuwa ba abin da ba su sani ba.

Sai na tambayi abin da ke cina. "Yana bin jini?"

Ta ce, "Wani lokaci yana bin dangi. Sau da yawa ba ya bi. Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba, Inna. Abubuwa ukun nan fa?"

"Akuya, tabarma, gishiri."

"To yau dai ke ce za ki gwada ni."

Na kunna mata saƙon. Fuskarta ta canza. Ta ce in tura mata, don rabin bincikenta ke nan, tattara irin waɗannan maganganu a ga yadda suke yawo da abin da suke jawo wa marasa lafiya. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ku bar ta ta fita ita kaɗai. Ciwon yana tafiya a hankali. Wannan abin na waya shi ne mai sauri."

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwa ce kamar ni, Hajiya nake ce mata ita ma haka take ce mini. Shekara ashirin muna tsokanar juna. Takan ce miyata ruwan wanka ce, ni in ce tuwonta sai da gatari. Tana da jika mace 'yar shekara huɗu da ke shigowa wurinmu, Yaya ta ɗora ta a cinya, ta ba ta dabino, ta shafa mata kai. Tun da saƙon ya fito aka hana yarinyar shigowa. Hajiya ta daina leƙo ni. In mun haɗu a lungu sai "ina kwana" a tsaye, idonta a wani wuri. Mai kawo mana nono ta daina tsayawa a ƙofarmu.

Sai yarinyar ta kwanta da zazzaɓi. Kwana uku muna jin kukanta ta katanga. A na huɗu kukan ya tsaya, wannan ya fi ba ni tsoro.

Bayan la'asar na ji hayaniya a ƙofar gida. Allah ya sa wancan yana nan, ranar bai fita kasuwa ba. Na ji muryarsa a zaure yana cewa, "Ku tsaya, maza ba sa shiga, ku tsaya mana." Ya tare mazan, amma mata suka wuce shi. Sun kai goma sha. Hajiya ce a gaba, ɗauke da yarinyar a kafaɗa, uwar yarinyar na bin ta tana kuka. Aka shimfiɗa ta a tsakar gidana, a kan zane. Idonta ya kakkafe, hannunta na fizga. Ta saman katanga kuma kawunan samari ne, kowa da waya a ɗage.

Hajiya ta ce, "Hajiya, ba faɗa na zo ba. Shekara ashirin ba mu taɓa yi ba. Ki fito da yayarki ta tsallaka ta sau uku ta sakar mata kurwa. Shi ke nan, mu tafi."

Wanda bai sani ba, haka ake yi wa wadda aka ce mayya ce. A tuɓe mata zane, ta tsallaka mara lafiya. In ta tsallaka, ta amsa ke nan. Ba ita kaɗai ba, da 'ya'yanta da jikokinta, har wanda ba a haifa ba, ba mai auren su, ba mai cin abincin hannunsu. In ta ƙi kuma, na san abin da samari ke yi da duwatsu.

Ban rufe baki ba sai ga Yaya ta fito da kanta. Ta ga taro, ta yi murna, ta ɗauka biki ne. Wata daga baya ta ce, "Tuɓe, Iya, tuɓe ki tsallaka!" Sai Yaya ta kai hannu ga ƙullin zanenta tana dariya. Za ta yi. Wurin da zai hana ta ya riga ya tafi. Matar da ko ni ban taɓa ganin gwiwarta ba, za ta tsaya tsirara a gaban wayoyin nan, gobe a gan ta a Taura.

Na yi tsalle, ni da gwiwa ke ciwo, na damƙe ƙullin zanen da hannu biyu. Na ce, "Ku saurare ni. Ciwo ne. Likita ta zo ta duba ta. Wani abu ne ke dunƙulewa a goshi kamar gudajin tuwo..."

Wata ta ce, "Yau kuma tatsuniyar tuwo za a yi mana? Da rana tsaka?"

Wasu suka yi dariya, dariyar da ba daɗi. Ni da in na buɗe baki a gidan biki ko tari ba a yi, ranar maganata ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Hawaye ne a fuskarta. Ta ce, "Hajiya, ke 'yar ƙauye ce kamar ni, kada ki yi mini boko. Wace mace ce mai tsarki za ta tsaya ta kira sunan ɗan farinta da bakinta? Ke kin taɓa? Duk wanda ta kira yana kabari. Jikata za ta bi su ina kallo?"

Ina riƙe da zanen Yaya, tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsuna. Na dubi yarinyar a ƙasa. Na dubi wayoyin. Ban shirya ba, ban yi tunani ba. Na juya wajen zaure na buɗe murya, muryar da nake tara yara da ita, na kira sunan ɗana na fari.

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Na sake kira. Na uku ya fita har lungu.

Gidan ya yi tsit. A zaure ma hayaniyar ta mutu. Matan nan duk sun san ni, sun san abin da na yi. Wata tsohuwa ta ce "Innalillahi" ta rufe fuska da mayafi, kamar ni ce na tuɓe.

Sai ga shi ya shigo. Ƙato da furfura, yana tafiya kamar wanda aka tasa daga barci. Ya tsaya a gabana, ya durƙusa, ya ce, "Na'am, Inna."

Na ce, "Ga shi nan. Na kira shi sau uku. Ku duba ko ya faɗi. Ku na saman katanga, ku ɗauka da kyau, ku tura Taura, ku ce ga mayya ta biyu. Yaya matattu take kira don su suka rage mata. Ni nawa yana da rai, ga shi. In kiran suna ne maita, ni za ku fara tuɓewa, Hajiya, ke da hannunki."

Hajiya ta sunkuya ta dubi jikarta. Ban jira ta ba, don na san in aka ba taro lokaci zai sake taruwa. Na sake kiran sunan, na huɗu, na ce, "Tashi ka tayar da mota. Yarinyar nan asibiti za ta."

Uwar yarinyar ce ta yanke maganar. Ba ta dubi surukarta ba, ta sunkuya ta sure 'yarta ta bi bayansa da gudu. Da aka ɗauke yarinyar ba sauran abin tsallakawa. Matan suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Kawunan saman katanga suka nutse. Hajiya ce ta ƙarshe, ta ɗauki zanen da aka shimfiɗa ta fita ba sallama. Ni kuwa sai da autata ta zo ta ɓamɓare yatsuna daga zanen Yaya, sun ƙage. Yaya ta dube ni ta ce, "An fasa bikin?"

Zazzaɓin sauro ne ya hau wa yarinyar kai. Ta kwana shida a asibiti ana yi mata allura, ta tashi. Kada ku ɗauka kowa ya yarda. Akwai masu cewa har yau tsoro ne ya sa Yaya ta sake ta. Saƙon ma na ji yana nan yana yawo, an ce yanzu an mayar da shi wani gari daban. Hajiya ba ta ba ni haƙuri da baki ba. Bayan sati biyu ta miƙo kwanon dambu ta katanga ta ce, "Karɓi, na san ba ki iya ba." Na karɓa na ce ya yi tsakuwa. Amma jikar ba ta sake shigowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Yaya ba ta tsallaka kowa ba, zanenta bai faɗi ba. Tana nan a ɗaki. Yanzu ta daina zuwa katanga, maganar ma ta ragu, sai ta wuni ba ta ce komai ba. Ni nake ba ta abinci a baki. Wani lokaci har kewar kiran nan nake yi.

Likitar tana zuwa bayan 'yan watanni. Ta ce ta cire tambayar nan daga takardarta in tsohuwa ce a gabanta, ta sa wata a madadinta. Kullum sai ta ba ni abu uku in riƙe, kullum ina mayar mata da su cif.

Sai dai ga abin da ban gaya mata ba. Tun ranar nan sunan ya sami hanya. Yana zuwa mini bakin harshe ina tsakiyar wani abu, sai na cije. Shekaranjiya da safe akuya ta shiga rumfar girki, wancan yana tsaye kusa, kafin in ankara na kira shi da shi. Ba taro, ba waya, ba dalili. Muka tsaya muna kallon juna, akuyar na cin dusa.

Ya ce, "Inna, da gangan kika yi?"

Na ce, "Da gangan mana. Kore ta."

Ya kore ta. Ni kuma na koma ɗaki na zauna kusa da Yaya, na dafa goshina, ina latsawa a hankali ko zan ji wani abu. Ƙashi ne kawai. Na ce a raina akuya, tabarma, gishiri. Na sake faɗa. Yaya tana kallona tana murmushi.